Karatun da Baba ya kira "surutu"

 Ina neman afuwa game da shirun da na yi kwana biyu. Kakar shinkafa ce ta tsare ni a shago, kun kuwa san idan shanshera ta fara shigowa ɗan gidan mai saye ba shi da lokacin kansa.

Wata magana ce ta haɗa ni da mahaifina a makon jiya, tun daga ranar kuma take cina a rai, na ga gara in kawo ta gabanku domin na san ba a gidanmu kaɗai ake irin ta ba. Mun gama awo da yamma, ina rubuta buhunan da suka shigo a littafin shago, sai na ce masa, "Baba, ina so bana in cike takardar JAMB, in nemi kwalejin ilimi a cikin gari." Ya ce to madalla, me za ka karanta? Na ce ilimin zamantakewa, wanda ake kira Soshiyal Stadis. Ya ajiye carbinsa, ya dube ni, ya ce da harshen da ya gada na mutanen Argungu: "Mi za a koya maka can? Zama da mutane? Kai da ka tashi cikin kasuwa? In boko za ka yi ka yi likita ko injiniya, in ba haka ba ga shago nan. Wannan ai karatun surutu ne."

Ban yi musu da shi ba, don ba tarbiyyarmu ba ce. Amma a ra'ayina Baba bai yi wa wannan karatu adalci ba, kuma yawancin iyayenmu da ma mu samari haka muke kallonsa. Ni kuwa gani nake, in akwai al'ummar da ta fi kowa buƙatar 'ya'yanta su yi wannan karatu, to mu ne, mu da kakanninmu suka baro gida suka zauna a ƙasar wasu har ta zama tamu. Kuma ba sai an je jami'a ba. Ƙananan kwalejojin da ke kusa da mu sun isa a fara.

Bari in fara da faɗin abin da karatun ya ƙunsa, gwargwadon abin da na gani a takardun wani abokina da ke aji biyu a kwaleji. Ana haɗa abubuwa da yawa wuri guda: yadda iyali da unguwa da gari suke tsaruwa, yadda ake mulki da dokokin ƙasa, tattalin arziki, labarin ƙasa, ƙidayar jama'a, dalilan ƙaura da rikici da hanyoyin sulhu. Sannan akwai abin da ya fi burge ni, wato dabarun bincike: yadda za ka shiga gari ka yi tambaya, ka ƙirga, ka rubuta, ka fito da bayanin da ko a gaban gwamna za ka iya tsayawa a kansa. A kwalejin ilimi shekara uku ake yi a samu takardar NCE, wadda ita ce mafi ƙarancin shaidar da tsarin ilimin Najeriya ya amince mutum ya koyar da ita. Galibi ana haɗa wa ɗalibi darussa biyu, misali zamantakewa da Hausa, ko zamantakewa da addinin Musulunci, kuma kafin ya gama sai an tura shi wata makaranta ya yi koyarwar gwaji. Wanda ya ci da kyau yana iya shiga jami'a kai tsaye daga aji biyu.

Yanzu ga dalilaina.

Na farko yana da nauyi a bakina, amma dole in faɗa. Babu ɗan Zabarmari da zai manta Asabar 28 ga Nuwamba 2020, ranar da aka kashe 'yan uwanmu masu yankan shinkafa a gonakin Koshebe. Allah Ya jiƙansu, Ya karɓi shahadarsu. Washegari aka yi jana'izar mutum 43 a garin nan, Gwamna Babagana Umara Zulum yana cikin sahu. To amma ku tuna abin da ya biyo baya. Ofishin Majalisar Ɗinkin Duniya ya fara cewa mutum 110 ne, daga baya ya janye adadin. Bayan 'yan kwanaki jami'an jiha suka ambaci 76. Duniya gaba ɗaya tana ta jayayya kan yawan mamatanmu, mu kuma masu mamatan babu wata takarda a hannunmu da za mu ɗaga mu ce ga sunayen waɗanda suka fita gona da safe, ga waɗanda suka dawo. Da yawa daga cikinsu 'yan ƙwadago ne da suka zo cin rani daga ƙasar Sakkwato, wasu ko sunan ƙauyensu masu masaukinsu ba su riƙe ba. Har wani mai magana da yawun fadar shugaban ƙasa ya faɗa wa BBC cewa manoman ba su sami izinin sojoji ba kafin su shiga gonakin. Mun ji zafin maganar, mun yi ta faɗa a majalisa da bakin masallaci, amma 'yan jarida da masu bincike daga nesa su suka rubuta labarinmu, da fahimtarsu da kuskurensu.

Ban ce littafin rajista zai tare harsashi ba. Abin da nake cewa shi ne, al'ummar da ba ta ƙirga kanta, ba ta kuma rubuta abin da ya same ta, kullum wani ne zai yi magana a madadinta. Mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo, amma in bai iya kwatanta wurin ga mai gyara ba, haka zai ci gaba da kwana cikin ruwa. Haka muka sake gani a Satumbar 2024, lokacin da madatsar ruwa ta Alau ta ɓalle, ruwa ya mamaye Kasuwar Monday da Gwange da fadar Shehu da wurare da yawa a ƙaramar hukumar Jere, shekara talatin bayan ambaliyar 1994. Ruwan kogin Ngadda da ke malala cikin fadamar Jere shi ne rayuwar shinkafarmu, shi ne kuma ya zame mana masifa a wannan shekara. Da aka zo rubuta sunayen masu asara, wa ya san gona nawa ruwa ya ci, ta wane ce, aro ce ko haya ko gado, kuma bashin buhu nawa ke kan mai ita? Irin wannan aiki shi ake koya wa ɗalibin zamantakewa. Ƙidayar ƙasa ta ƙarshe ma a 2006 aka yi ta, lokacin ina ƙaramin yaro. Wanda ya jira Abuja ta zo ta ƙirga shi zai daɗe yana jira.

Dalili na biyu ya shafi sana'ar Baba kanta. Wani malaminmu na sakandare ya taɓa ba mu labarin wani Bature mai suna Abner Cohen, wanda ya zauna cikin Hausawan unguwar Sabo ta Ibadan a farkon shekarun 1960, ya fitar da littafi a kansu a 1969. Abin da ya je nema shi ne: yaya aka yi baƙi 'yan tsiraru suka riƙe cinikin shanu da goro tsakanin Arewa da ƙasar Yarbawa, ba banki, ba takardar yarjejeniya, ba kotu? Sai ya gano sirrin yana cikin tsarin maigida da dillali. Maigida ya sauki bafatake, ya ba shi ɗaki da abinci, ya ajiye masa kuɗi, dillalinsa ya nemo mai saye, in an ba da bashi maigida ne ya tsaya, sunansa shi ne jarinsa. Ya kuma nuna yadda shigar mutanen Sabo ɗariƙar Tijjaniyya a farkon shekarun 1950 ta ƙara ɗaure su wuri guda a daidai lokacin da mulkin Turawa, wanda ya tsaya wa sarautar unguwar, yake shirin naɗe tabarmarsa. Da na ji wannan labari dariya na yi, domin abin da nake gani kullum a zaurenmu ne. Mutum ya zo daga Kano sayen shinkafa, ya sauka gidanmu, a ba shi kaya rabin kuɗi, sauran sai ya sayar. Wato abin da Baba ke yi tun kafin a haife ni, wani ya zo ya zauna ya rubuta shi, har yau ana karanta shi a jami'o'in Ingila da Amurka.

Kuma ba Turawa kaɗai ba. Marigayi Farfesa Mahdi Adamu, mutumin Ngaski ta jihar Kebbi, wanda ya shugabanci jami'ar Sakkwato, ya fitar da littafi a 1978 kan sawun Hausawa a tarihin Afirka ta Yamma, ya bi fatake da malamai har Gwanja da ƙasar Asante, ya nuna yadda zango yake zama gari. Sunan garinmu ma darasi ne. Barebari suna ƙara "ri" a ƙarshen suna don nuna mazaunin wasu mutane, shi ya sa ake da Hausari da Fulatari da Shuwari. Zabarmari kuwa, mazaunin Zabarmawa ke nan. Sunan kaɗai ya gaya maka daga yamma mutanen farko suka fito. Amma wa ya zauna da tsofaffinmu ya rubuta wace shekara suka iso, me ya taso su, wane Bulama ko Lawan ya ba su ƙasa, da wane sharaɗi? Duk shekara muna binne waɗanda suka san amsar.

Ga masu ganin wannan ilimi na Nasara ne, ina tuna musu cewa malaman boko da kansu suna sanya Ibn Khaldun cikin iyayen wannan fanni. An haife shi a Tunis a 1332, ya rasu a Alƙahira a 1406, kuma a 1377 ya rubuta Muƙaddima, inda ya yi bayanin yadda haɗin kan jama'a ke kafa daula da yadda jin daɗi ke rusa ta. Alƙali ne na mazhabar Malikiyya, mazhabar da muke bi. A cikin tarihinsa har ƙasar nan ya ambata, ya kawo labarin kyautar raƙumin dawa da sarkin Kanem ya aika wa sarkin Tunis a 1257.

Dalili na uku shi ne maganar asali, wadda duk ɗan zaman baƙunci ya san ɗacinta. An haife ni a nan, an yanke cibiyata a nan, ina jin Barbarci daidai gwargwado, Argungu kuwa sau biyu na taɓa zuwa. Duk da haka na taɓa shiga wani ofis neman takarda, mai teburin ya dubi sunana ya ce, "To, amma ina ne ainihin garinku?" Na tsaya na rasa amsa. In na je can, za a ce mini ɗan Barno. Don Allah kada a ɗauka ina zargin masu masaukinmu. Barebari sun karɓi kakanninmu, sun ba su ƙasar noma, an yi auratayya, masifar Boko Haram kuma ba ta tambayi ƙabilar kowa ba. Matsalar ta ƙasa ce baki ɗaya. Kundin tsarin mulki na 1999, a sashe na 42, ya hana nuna wa ɗan ƙasa bambanci saboda ƙabilarsa ko inda ya fito. Amma kundin nan dai, a sashe na 147, ya ce a naɗa minista daga kowace jiha kuma ya zama ɗan asalinta. Daga wannan tsaga ne takardar shaidar asali ta samu ƙarfin da take da shi a kan gurbin karatu da ɗaukar aiki da tallafin karatu. Ƙungiyar Human Rights Watch ta fitar da rahoto guda a kan wannan a 2006, kuma kowa ya san abin da maganar ɗan ƙasa da baƙo ta jawo a Jos a 2001 da 2008. Yaron da ya karanta waɗannan abubuwa ba zai tsaya gaban tebur ya yi zuru kamar yadda na yi ba, ba kuma zai ɗauki zafi ya ja wa jama'arsa fitina ba. Zai san abin da doka ta ba shi, ya san inda ta yi shiru, ya nemi haƙƙinsa da lalama da hujja.

To, gaskiya ɗaya ce, Baba ma yana da tasa hujjar, kuma ba ƙarama ba ce. Tambayarsa ita ce: in ka gama, wa zai ɗauke ka aiki? Ya ga masu digiri suna tuƙa Keke Napep a hanyar Baga. Ya san albashin malamin firamare a wurare da yawa ba ya kai shi ƙarshen wata, alhali ciniki ɗaya mai kyau a kaka zai iya fin sa. A 'yan shekarun baya da an ce masa ai ƙungiyoyin agaji sun cika Maiduguri, suna ɗaukar masu tattara bayanai da masu fassara da masu wayar da kai. Wannan ma yanzu ba abin dogaro ba ne, tun da gwamnatin Amurka ta rufe hukumarta ta USAID a 2025 kuɗin agaji suka ja baya, samari da yawa da muka sani suka dawo gida. Saboda haka duk wanda zai shiga wannan karatu da niyyar ya sayi mota cikin shekara biyu, ina ba shi shawara ya zauna a kasuwa, zai fi samun biyan buƙata. Akwai kuma wani gaskiyar da abokina ya faɗa mini: ɗalibai da yawa ba zaɓar fannin suka yi ba, makin da suka ci ne bai kai na wani wuri ba aka turo su, sai su haddace takardun malami su zuba a jarrabawa su manta. Wanda ya yi haka, lallai surutu ya karanta, Baba ya yi gaskiya a kansa.

Amsata ita ce, ni ban ce zan bar shago ba. Wannan shi ne amfanin ƙaramar kwaleji a kan jami'a mai nisa. Ga Kwalejin Ilimi ta Kashim Ibrahim a cikin gari, ga kwalejin shari'a da addinin Musulunci ta Mohammed Goni, ga kwalejin fasaha ta Ramat ga mai son wani fannin. Mutum zai iya kwana gidan ɗan uwa a cikin gari, ranar da babu darasi ya dawo ya kama wa mahaifinsa awo. Kuɗin bai kai na jami'a ba, kuma tun 2024 akwai asusun NELFUND da ke ba ɗaliban manyan makarantun gwamnati bashin karatu marar ruwa. A Amurka ma, da duk arzikinsu, miliyoyin 'ya'yan talakawa da 'ya'yan baƙin haure ta irin wannan ƙofa suke shiga: kwalejin unguwa ta shekara biyu, suna aiki suna karatu, wanda ya samu hali ya wuce jami'a. Ba su ɗauke ta abin kunya ba. Mu ne nan idan yaro ya ce NCE yake yi sai a ce "ayya, Allah Ya sa gaba ka samu jami'a", kamar wanda aka yi wa rasuwa.

Mun manta Sir Kashim Ibrahim, wanda kwalejin ke ɗauke da sunansa, malamin makaranta ne kafin ya zama Wazirin Barno, ya kuma zama Gwamnan Jihar Arewa daga 1962 zuwa 1966. Abubakar Tafawa Ɓalewa malamin makaranta ne. Malam Aminu Kano ya koyar a Bauci da Maru kafin a san shi a siyasa. Kuma buƙatar malamai a jihar nan ba ɓoyayya ba ce. A 2022 kwamitin da gwamnatin Barno ta kafa ya gwada malaman firamare 17,229, ya ce 5,439 ne kawai suka cancanci koyarwa, 7,975 sai an ƙara musu horo, 3,815 kuwa ko horon ba zai yi musu amfani ba. Ƙannenmu ne ke zaune a gaban waɗannan malamai. In 'ya'yan garin nan ba su je sun yi karatun koyarwa sun dawo ba, wa muke jira ya baro cikin gari ya zo ya zauna da mu a bakin daji?

Ga abin da nake roƙo. Iyayenmu 'yan kasuwa, wanda Allah Ya ba 'ya'ya huɗu ko biyar, ya saki ɗaya ya yi wannan karatu, ya ɗauka kamar buhun iri ne da ake ware wa ba a kai shi kasuwa. Kuma kada a ware mata. Akwai tambayoyin da namiji ba zai taɓa shiga cikin gida ya yi wa matar da aka kashe mijinta a gona ba, sai 'yar uwarta mace. Mu kuma samari da za mu shiga, mu yi wa kanmu sharaɗi: aikin binciken da ake ba ɗalibi a shekarar ƙarshe, kada mu saya a shagon kwamfuta, mu yi shi a kan garinmu. Wani ya rubuta tarihin zuwan kakanni daga bakin tsofaffi. Wani ya bi buhun shanshera daga gona zuwa wurin masu turarawa, zuwa injin casa, zuwa kasuwa, ya ga a hannun wa riba take tsayawa. Wani ya tsara yadda masu gonaki za su riƙa rubuta sunan kowane ɗan ƙwadago da garinsu da lambar wani nasa kafin ya shiga fadama. Wannan na ƙarshe ba ya ma buƙatar jiran takardar shaida, littafi ne da biro da yardar shugabannin manoma. Ba a fafe gora ranar tafiya.

Shekaranjiya bayan sallar isha'i na ba Baba labarin Baturen Sabo, na ce masa, "Baba, ashe abin da kuke yi da baƙinku na Kano, a jami'a ake karanta shi." Ya yi shiru, can ya ce, "To shi Baturen, ya faɗi abin da ake yi in mai bashi ya gudu?" Na ce ya faɗa, maigida ke biya. Ya yi murmushi ya ce lallai ya zauna da mutane. Bai ce ya amince ba, bai kuma sake cewa surutu ba. Abin da ya ce kawai, in bari a gama kaka mu ga abin da littafin shago zai nuna. Na san halin mahaifina, wannan rabin izini ne, saura in nuna masa shago ba zai kwanta ba.

Ina roƙon addu'arku. Wanda kuma yake da tsoho a gida da ya san yadda aka sari garin nan, don Allah ya zauna da shi tun yau, ko da wayarsa ce ya naɗi muryarsa, kafin mu masu niyyar karatu mu gama mu dawo. Allah Ya jiƙan waɗanda suka riga mu, Ya zaunar da ƙasarmu lafiya, Ya sa albarka a noma da kasuwa. In na yi kuskure a gyara mini, ɗan sakandare ne ya rubuta.

Wassalam.

Naku,
Ɗan mai shinkafa, Zabarmari.